Karen da Aka Cire wa Takunkumi Ranar San Roque

Daga:
Primitiva Arnez Zurita,
Gida mai lamba 14, Layin Los Sauces,
Unguwar Los Molles,
Santa Eulalia del Valle.

Litinin, 24 ga Agusta, 2015.

Zuwa ga:
Mai girma Dokta Edmundo Cossío Terceros,
Shugaban Sashen Lafiyar Dabbobi da Kula da Filayen Shaƙatawa,
Ƙaramar Hukumar Santa Eulalia del Valle.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: KAREN DON HILARIÓN ROCABADO MAI SUNA MARISCAL, CIZON DA YA YI WA MAHAIFINA A FILIN SHAƘATAWA NA LOS MOLLES, DA ƁOYE KAREN DA AKA YI BAYAN HAKA

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina neman afuwar mai girma da zan fara da abin da ya kamata ya zo a ƙarshe, domin lokaci ba ya hannuna. A yanzu da nake rubuta wannan takarda, mahaifina, Don Zenón Arnez, ya kulle kansa a ɗakin baya. Hannunsa na dama ya kumbura har gwiwar hannu, warin raunin yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofa, zazzaɓi kuma yana kaɗa shi har ina jiyo ƙarar gadon ƙarfe daga inda nake zaune. Da safen nan ma'aikaciyar jinya ta zo har gida da allurar haukan kare a cikin akwatin ƙanƙara, ta yi ta ƙwanƙwasa ƙofa har ta gaji ta tafi. Ya ce ba mai taɓa shi da allura. Karen da ya cije shi kuwa ya yi ɓatan dabo, mai shi kaɗai ya san inda ya kai shi.

Ni ce Primitiva Arnez Zurita, mai sana'ar ɗinki, kuma ni kaɗai ce na rage wa mahaifina a garin nan. Wanda nake ƙara ba baƙo ba ne a wurina. Don Hilarión Rocabado, mahauci mai shago a kusurwar filin, kuma shugaban ƙungiyar unguwarmu, shi ne ya riƙe ni a coci ranar da aka yi mini baftisma. Tun ina rarrafe nake ce masa Baba, ban taɓa wuce shi ban tsaya na karɓi albarka ba. Mai girma ɗan ƙasar nan ne, ya san irin nauyin da hannu yake yi in zai rubuta sunan uban baftisma a takardar ƙara. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ga ƙorafina daki-daki:

1. Cewa a ƙofar filin shaƙatawa na Los Molles akwai allon da hukumarku ta kafa, wanda ya ce duk kare sai da igiya, manyan karnuka kuma sai da takunkumi. Don Hilarión ne ya riƙe tsani ranar da aka kafa allon, har aka ɗauke shi hoto. Duk da haka, karensa Mariscal, baƙi mai kai kamar turmi, wanda yake wuni a kan rufin shago yana cin rarar nama, kullum da yamma sai ya sauko da shi filin ba igiya ba takunkumi. Shi ya zauna a benci yana sakace, karen yana sintiri tsakanin lilon yara da teburin tsofaffi masu karta. In mace ta suri ɗanta da gudu sai ya bushe da dariya, ina kawo kalamansa yadda ya faɗe su: "Haba 'yar nan, ai gudun naki ne ke ba shi sha'awa. Tsaya cak ya sansana ki ya wuce, ba ya cin ƙashin da ba nama."

2. Cewa ranar 3 ga Mayu na wannan shekara, Mariscal ya kashe 'yar karyar Doña Remigia Siles, wadda take sayar da kunun jar masara a gindin babbar bishiyar filin. A wuya ya ɗauke ta, ya girgiza, ya yar. Ta'aziyyar da mai shi ya yi wa matar ita ce: "Wannan ai ɓera ce mai gashi, gobe zan aiko miki da hanta." Ya kuwa aiko. Tare ta binne su, karyar da hantar. Ranar 12 ga Yuli kuma karen ya ka da wata mai tsohon ciki a kan dakalin famfo, Allah ne ya tsare cikin. Mai gadin filin yana nan duk aka yi waɗannan, amma shi idonsa yakan makance daidai lokacin da Mariscal ya shigo, ya kuma buɗe ranar Asabar in za a ba shi ƙashin romo. Sai da matan unguwa suka ƙaurace wa shagon, nama ya fara canja launi a kan ƙugiya, sannan Don Hilarión ya sayi takunkumi. Ba dokarku ce ta sa shi ba, ranka ya daɗe, ƙudaje ne.

3. Cewa a watan Yuni ma'aikatanku sun kafa tebur a filin suna yi wa karnuka allurar rigakafi, duk wanda aka yi wa sai a ɗaura masa ƙyalle mai ruwan goro a wuya. Shagona yana kallon filin, a gaban taga nake aiki, kuma tun da suka zo har suka naɗe tebur Mariscal yana kan rufi yana yi musu haushi. Ba a sauko da shi ba. Da Doña Remigia ta yi wa mai shi magana, ina ji ya ce mata allura tana kashe wa kare zuciya, shi mai gadi yake kiwo, ba ɗan rago ba.

4. Cewa ana saura mako guda bikin San Roque, Don Hilarión ya kawo mini jan yadi in ɗinka wa Mariscal rigar biki, kamar yadda na ɗinka wa karnukan unguwa da dama. Ya ce in haɗa masa da abin wuya. Shi da hannunsa ya tona akwatin ƙyallayena ya zaro mai ruwan goro. Na auna, na yanka, na ɗinka masa maɓalli. Ragowar naɗin tana nan a shagona ga duk wanda hukuma ta aiko ya gani.

5. Cewa ranar Lahadi, 16 ga Agusta, ranar San Roque waliyyin karnuka, bayan an tashi daga coci unguwa duka ta hallara a filin. An fito da mutum-mutumin waliyyi an ɗora a kan tebur, karnuka sun yi layi cikin riguna da huluna suna jiran Fada, limamin cocin, ya yayyafa musu ruwan albarka. Mahaifina yana zaune kusa da teburin yana kaɗa carangonsa, wato 'yar ƙaramar garayarsa, kamar yadda ya saba kowace shekara. Da layi ya zo kan Mariscal, sai Don Hilarión ya sunkuya ya kwance takunkumin. Mutane suka ja da baya. Fada da kansa ya ce ya bar shi a ɗaure, ruwan zai same shi a haka. Sai ya amsa: "A gafarce ni Fada, waliyyi ba ya sa wa ɗaurarren baki albarka. Yau ranarsu ce. Ko fursuna ana cire masa ankwa ranar biki."

Bai rufe baki ba wani ya tashi bindigar biki a bayan tebur. Tsalle ɗaya karen ya yi. Bai nufi mai bindigar ba, abin da ke motsi kusa da shi ya nufa, wato hannun mahaifina a kan tsirkiya. Ya kama, ya kai tsohon ƙasa da kujerarsa, ya riƙa ja yana girgiza kai, jar rigar da na ɗinka tana kaɗawa a bayansa. Maza suka rufar masa da duka, bai saki ba, sai da Doña Remigia ta juye masa tukunyar kunu mai zafi a ka. Da aka ɗaga hannun, yatsan tsakiya yana reto a jikin fata, ana ganin farin ƙashi. Carangon ya rabe biyu a ƙarƙashinsa. Mahaifina bai yi ihu ba. Abin da ya fara fitowa daga bakinsa, yana duban Don Hilarión, shi ne: "Kompadre, kada ka doke shi, tsoro ya ji."

6. Cewa nan take na ce a tsayar da mota mu tafi asibiti, Don Hilarión ya ce ba sai an je ba. Ya yanko gashin jelar karen da wuƙarsa, ya ƙona a kan murfin tukunya, ya barbaɗa tokar a cikin raunin kamar yadda kakanninmu suke yi, ya zuba giyar masara a kai, ya tsiyaya saura a ƙasa. Sannan ya ja karen har gaban tebur, ya ɗora hannu ɗaya a ƙafar waliyyi, ya ɗaga abin wuyan da ɗaya hannun, ya ce: "Ku duba da idonku, ga shaidar gwamnati. An yi masa allura. In ƙarya nake, San Roque ya shanye mini hannu." Jama'a suka ga ruwan goro, suka sauke ajiyar zuciya. Ni kuwa ɗinkina na gani. Na buɗe baki, mahaifina ya yi mini kallon da tun ina yarinya na san ma'anarsa, na rufe. Da yamma na lallaɓa shi muka je asibitin unguwa, aka wanke tokar, aka ɗaure raunin. Da aka zo maganar allurar haukan kare sai ya ɗauki hularsa da hannun hagu ya fita.

7. Cewa ma'aikaciyar jinya ta yi mini bayani, kuma mai girma ya fi ni sani: cizon hannu ba a jira da shi, allura ake farawa ba ɓata lokaci, karen kuma a tsare shi a sa masa ido kwana goma. Ta ce ranar da alamar ciwon ta bayyana a jikin mutum, babu likitan da zai iya komai, sai dai a ɗaure shi a gado. Ranar Talata, 18 ga Agusta, na tafi shagon nama da wannan magana. Rufin ba kowa, kwanon karen a kife. Na gaishe da Don Hilarión, na karɓi albarka, na tambayi inda Mariscal yake. Yana sarar ƙashi, bai ɗago ba, ya ce ya tafi hutu. Na ce masa abin wuyan nan ni na ɗinka shi. Sai ya ajiye gatari, ya goge hannu a jikin riga, ya ce: "Primi, da hannun nan na riƙe ki kina tsala ihu kina yi wa Fada fitsari. Yau ke ce za ki kawo mini 'yan kama kare su kashe mini dabba? Wuce gida ki dafa wa ubanki romo." Ya naɗe ƙashin saniya a takarda ya miƙo mini. A kan kanta na bar masa shi.

8. Cewa mai girma zai yi mamakin mutum mai cikakken hankali da zai ƙi allurar da za ta ceci ransa, don haka wajibi ne in yi bayani. Mahaifina da Don Hilarión tare suka yi aikin haƙar ma'adinai a kan tudu, kafin a rufe ramukan su sauko kwari da iyalansu. Ina goye rami ya rufta da mahaifina, kowa ya ce a haƙura sai gawa, Don Hilarión ne ya koma ya tono shi har farcensa suka zube. Ba na musun wannan. Ba don shi ba da ban san fuskar ubana ba. Tun daga ranar ba su ƙara kiran juna da suna ba, sai kompadre, kamar yadda uba da uban baftismar ɗansa suke kiran juna.

Ga abin da mahaifina ya faɗa mini ta bayan ƙofa: "Mutumin da ya tono ni daga ƙarƙashin dutse, ya riƙe 'yata a gaban Allah, ya rantse da ƙafar waliyyi, in na miƙa hannu aka yi mini allurar nan ai na ce masa maƙaryaci ke nan a gaban unguwa. Tafi ki yi ɗinkinki." Na tura masa ragowar ƙyallen ta ƙarƙashin ƙofa, ya turo mini abina, ya ce ba ni kaɗai aka halitta wa ruwan goro ba. Na yi roƙo, na yi faɗa, na ambaci sunan mahaifiyata da ke kabari. Na kawo Fada, ya karɓe shi da ladabi, ya yi addu'a tare da shi, ya sallame shi. Ranka ya daɗe, mahaifina ba jahili ba ne, ya ga abin da haukan kare ya yi wa wani abokin aikinsu a kan tudu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ina zaton ya san ƙarya aka yi masa. Ya san, ya kuma zaɓa.

9. Cewa ranar Alhamis 20 da Juma'a 21 ga Agusta na zo ofishinku da ƙafata. An karɓe ni da mutunci, an ba ni kujera, sannan aka sanar da ni cewa duk ƙorafin da ya shafi filin shaƙatawa sai ya biyo ta hannun shugaban ƙungiyar unguwa, da sa hannunsa. Na ce shugaban ne mai karen. Aka ce ƙa'ida ƙa'ida ce. Ba na zargin ma'aikacin da ya faɗa, abin da aka koya masa ke nan, amma wannan ai bai wa kura ajiyar nama ne. Shi ya sa na tsallake tebura na rubuto wa mai girma kai tsaye, in kuma na keta wata doka da yin haka, a hukunta ni bayan an yi wa tsohon allura.

10. Cewa tun da aka ji na je ofishinku, rabin layinmu sun daina amsa gaisuwata. Wata ta aiko a karɓe mata yadinta ban ko sa masa almakashi ba. Ana ce mini wadda ta ci amanar ruwan baftisma. Waɗanda suka ga abin da ya faru da idonsu, in na tare su sai su ce rana ce ta haske musu ido. Doña Remigia kaɗai ta ce in rubuta sunanta da manyan baƙaƙe, ta ce ita ba ta da sauran abin da za a kashe mata. Ban kawo wannan don a tausaya mini ba, na kawo ne don kada hukuma ta ga ƙarancin shaidu ta ɗauka ƙarancin gaskiya ne.

Bisa ga abin da ya gabata, ina roƙon mai girma cikin ƙasƙantar da kai da ya yi waɗannan abubuwa:

Na farko, kuma wannan shi ne ran maganar, a aiko da umarnin hukuma, da hatimi, da ma'aikaci mai kaki, a ce doka ta tilasta wa Don Zenón Arnez karɓar allura. Na san mahaifina. Ba zai buɗe wa 'yarsa ƙofa ba, ba zai buɗe wa likita ba, amma zai buɗe wa hukuma, domin a nan zai iya ce wa unguwa tilasta shi aka yi, ba shi ya ƙaryata kompadrensa ba. Mafita yake nema wadda ba za ta zubar wa kowa da mutunci ba, ni kuma ba ni da ita. Mai girma yana da ita a cikin aljihun tebur.

Na biyu, a tilasta wa Don Hilarión Rocabado ya faɗi inda ya kai Mariscal, a kamo karen a tsare shi a hannun likitocinku. Ban ce a ɗaure mutumin ba, ban nemi diyya ba. Yatsan da ya tafi ya tafi, tsohon ba zai ƙara kaɗa tsirkiya ba, kuma babu kotun da za ta dawo da wannan.

Na uku, allon da ke ƙofar filin ya zama doka a kan kowa, har da wanda ya riƙe tsani, har da ranar waliyyi. A kuma buɗe wata hanya ta kai ƙara ga wanda shugaban unguwarsa ne ya cuce shi.

Ranka ya daɗe, a nan na yi niyyar sa hannu, sai aka buga ƙofar shago. Wani mutum ne da ban taɓa gani ba, da hular ƙauye da takalmin taya, ƙwaurinsa na hagu a naɗe da tsumma wanda jini ya bushe a kai, a hannunsa kuma guntun sarƙa. Ya ce sunansa Fortunato Vallejos, makiyayi ne daga saman kwari. Ya je shagon nama, mai shagon na hango shi ya jawo ƙofa ya rufe, mai kunu ce ta nuno masa gidan nan. Ya ce makon jiya mahaucin da yake sayen tumakinsa ya kawo masa wani baƙin kare a motar nama, ya ce ya riƙe masa shi har ƙura ta lafa. Kwanan nan karen ya daina cin abinci, ya koma cizon dutse da itace, yawu na zuba, haushinsa ya shaƙe kamar ba nasa ba. Jiya da hantsi ya tsinke sarƙa, ya faɗa cikin garke, ya kama shi a ƙafa da ya je kora, sannan ya bi titi. "Baiwar Allah," in ji shi, "na bi sawunsa har gadar shiga gari. Kare in ya tsinke ai gida yake nufa."

Da ƙarfi ya yi maganar, na tabbata ta shiga ɗakin baya. Mahaifina ya ɗaga murya ya ce in ba baƙon wurin zama da abin sha, kada a ce gidan Arnez ba a san baƙo ba. Ƙofarsa kuwa tana nan a kulle.

Ba zan sa wannan takarda a akwatin ofis ba. Da hannuna zan kawo ta yanzu, tare da mutumin nan da guntun sarƙarsa, kuma ina neman afuwa tun kafin in iso, domin ba zan zauna a kujerar jira ba. Daga gada zuwa shagon nama hanya ɗaya ce, ta tsakiyar filin Los Molles ta ratsa, kuma da azahar 'yan makaranta suke tashi su bi ta cikinsa.

Allah ya ja zamanin mai girma, ya sa ya karanta wannan kafin a kaɗa ƙararrawar tashi.

Mai biyayya ga hukuma, cikin girmamawa da gaggawa,

Primitiva Arnez Zurita
'Yar Don Zenón Arnez

Shaida: Remigia Siles, mai kunu, filin Los Molles.